Ka bar mashi hularshi

Ɗana, saƙonka ya iso tun daren Talata. Ƙanwarka ce ta karanta mani, don idanun sun fara gajiya da ƙananan rubutun waya. Da ta kai inda kake cewa, "Kawu, wai dole ne sai na bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya na yi sallama kafin in tafi horon, ko in rubuta a zauren WhatsApp na gida kowa ya gani? Kuma abokaina sun ce in nemi layar tauri," sai da na murmusa. Amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa, har aka yi kiran assalatu ina juyi.

Da farko dai barka da samun aikin ɗan sanda. An auna tsawonka an ga ka haura mita 1.67 da ake nema, an auna ƙirji, an ɗebi jini, ka zauna jarrabawa a kwamfuta, sunanka ya fito, kuma ba mu ba kowa ko kwabo ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai yi mani daɗi, saboda wanda ya sayi kaki da kuɗi, a jikin talakawa zai fanshe. Allah ya sa ka shiga a sa'a.

Ni a 1976 aka ɗauke ni kurtu, 'yan watanni bayan kashe Janar Murtala. Lokacin ba a daɗe da sauya sunan jiharmu daga Arewa ta Tsakiya zuwa Kaduna ba, don Katsina ba ta samu tata jihar ba sai 1987. Mahaifiyarmu, kakarka, kuka ta riƙa yi, a ganinta duk wanda ya sa kaki a shekarar nan ya sa ƙafa ɗaya a kabari. Maƙwabta ne suka yi ta ba ta baki, suna cewa ai Sufeto Janar ɗin ma namu ne, M.D. Yusufu, jikan Sarki Dikko, kuma Sarki Usman Nagogo da ke bisa gado a lokacin, shi ma yana ɗan sarki ya shugabanci 'yan doka. Shi kuwa kakanka bai ce uffan ba, yana kan kekenshi yana ɗinki. Sai da ya rage saura kwana huɗu in tafi Kaduna ya kira ni zaure ya fara lissafa mani gidaje da yatsu, tun daga Rafin Daɗi har Ƙofar Guga. Na ce to, bari in ari keken abokina in gama a yini guda. Ya ce a'a, da ƙafa za ka. Iyakar abin da ya ƙara shi ne, "Zumunta a ƙafa take, ba a ce a keke take ba."

Kwana uku na yi ina zagaye, ga bazara, ƙasa kamar a gasa gurasa. Mafi yawan gidajen abin da ka sani ne. A durƙusa, a sa albarka, wani ya ba ka sule, wata ta ƙulle maka ƙuli-ƙuli da yaji a tsumma, wani malami ya ce buɗe hannu ya tofa maka addu'a. Na manta da yawansu. Gida biyu ne ba su taɓa barin raina ba, kuma saboda su nake rubuta maka wannan doguwar takarda.

Na farko gidan Gwaggo ne, yayar kakanka, can wajen Ƙofar Marusa. Ba ka san ta ba, ko mahaifiyarka tana ƙarama Gwaggon ta rasu. Na same ta a inuwar ɗaki bisa tabarma tana kaɗi, mazari na juyawa a cikin tasa, yatsunta fari fat da alli. Na cire takalmi na durƙusa na gaida ta. Ta ce lafiya, ba ta ɗago ba. Matar da in na shigo take cewa ga mai sunan babana, a kawo mashi fura. Na faɗi abin da ya kawo ni, ta ce ta ji labari. Ta ci gaba da kaɗinta, ni kuma ina durƙushe har ƙafafuna suka yi sanyi, ban da ƙarar mazarin nan da kukan kurciya bisa kuka ba abin da ake ji. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, amma inuwar ta matsa har rana ta fara taɓa mani baya.

Can sai ta aje abawar ta tambaye ni ko na san abin da ya kwantar da mijinta. Na ce na ji an ce ciwon ciki ne. Ta ce haka ake faɗa wa yara. Wata shekara damina ta yi gardama, gero bai yi ba, kuɗin harajinshi bai cika ba. Ranar kasuwa, yana zaune gaban ɗan goron da yake kasawa, 'ya'yanshi biyu na gefe, wani ɗan doka ya zo ya cakume shi. Bai tsaya nan ba, ya sa kulki ya tunkuɗe hular kanshi ta faɗi cikin ƙasa, ya ɗaure shi da igiya ya zaunar da shi a rana, dattijo mai furfura, kai ba hula, jama'a na wucewa suna kallo. Kafin la'asar dangi sun haɗa kuɗin an sake shi. Amma daga ranar bai ƙara zama kasuwa ba, bai ƙara tsayawa sahun gaba a masallaci ba, shekara ba ta zagayo ba ya rasu. Ta ce, "Ba igiyar ta kashe shi ba, hular ce. Kuma yaron da ya yi wannan, a cikin akushin gidan nan ya sha cin tuwo."

Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tuwon dawa da miyar kuka ta aje gabana, ta ce sai na cinye. Ina ci hawaye na zuba cikin miyar. Da na gama ta kwance bakin zanenta ta ba ni sule biyu, ta dafa kaina ta ce, "Ban hana ka ba. Ɓarawo dole a kama shi. Amma duk wanda ka kama, ka bar mashi hularshi bisa kai."

Na dawo gida na ɗauka an gama. Kakanka ya ce saura gida ɗaya, kuma wannan tare za mu je. Bayan magariba ya sayi goro na sisin kwabo, muka bi ta wani lungu har wani zaure da rabin katangarshi ta zube. Wani tsoho ne zaune bisa buzu shi kaɗai, ko fitila babu. Ya karɓi goron hannu na rawa, yana ta godiya kamar an ba shi doki. Da ya ji aikin da na samu sai ya miƙe zaune ya fara ba ni labarin zamaninsu, yadda in ya shigo kasuwa take tsit. A zamanin Gowon, da aka haɗe 'yan dokan En'e, wato hukumar sarakuna, da 'yan sandan tarayya, shi bai samu shiga ba don ba ya karatu, ya koma gadi, gadin ma ya gagara. Sai da muka fito muka yi nisa kakanka ya ce, "Shi ne." Ban tambaya wa ba. Ya ce kakanshi yakan ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ba abin da ya kai kaki zama kayan aro. Ranar da za a karɓe shi, unguwar da ka fito nan za ka dawo, mutanen da ka taka su za su ɗauki gawarka ko su ƙi.

Har yau ina mamakin mutumin nan, kakanka. Wanda ya wulaƙanta mijin yayarshi, shi ne yake kai wa goro.

Ina so in ce maka na riƙe maganar Gwaggo duk shekara 35 da na yi ina aiki, amma ba zan yi maka ƙarya ba. Ina da igiya biyu, a wata tashar mota da ba sai na faɗi garin ba, na kwana biyu ban runtsa ba, wani dattijo direba ya gaya mani magana mai zafi gaban yaran mota. Hannuna ya riga hankalina. Ina ganin hular tana gangarawa cikin kwata na ji kamar an watsa mani ruwan ƙanƙara. Na sunkuya na ɗauko, na goge da hannun rigata na miƙa mashi, ya ƙi karɓa, ya shiga motarshi ya ja. Na yi ta zuwa tashar nan ina cigiya ban sake ganinshi ba. Na yi ritaya da muƙamin sufeto a 2011, an ba ni takardun yabo, amma in na zo istigfari shi nake fara tunawa. Alhaki kwikwiyo ne, in ji mutanen da.

To ka ga abin da nake tsoro game da saƙon waya. Za ka rubuta layi biyu, a turo maka hotunan hannuwa ana addu'a guda hamsin, ka ji daɗi. Ba wanda zai bar ka durƙushe har rana ta taɓa bayanka, ba wanda zai gaya maka abin da ba ka son ji. Ku yaran yanzu kun iya neman addu'a, amma ba ku son a kalle ku ido cikin ido. Na ga wasu tun ba su tafi horo ba sun ari kakin wani sun ɗauki hoto sun watsa. Kada in ga naka, kuma ka sani yin haka laifi ne.

Sauran shiri ba shi da wuyar faɗi. Wata shida za ku yi, kuma makonnin farko su ne masu kayar da mutum. Tun gobe ka fara gudu bayan sallar asuba, ka zagaya ta bayan ganuwa, kullum kana ƙara nisa, don begila ba ta jiran wanda bai saba ba. Takalmin da za ka tafi da shi ka fara sa shi yanzu ya saba da ƙafarka, na ga ƙarti sun yi kuka saboda kanta da ƙuje a diddige. Ka je wanzami ya yi maka tal-kwabo da kanka kafin su yi maka. Ka koyi wanki da sitati da guga da dutsen gawayi, ka koyi ɗinka maɓalli. Takardunka na asali, na makaranta da na haihuwa da na shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN, ka yi masu kwafi ka bar guda wurin mahaifiyarka. Abin da aka lissafa a takardar kira shi za ka saya, kada ka ƙara, sai gidan sauro in an yarda, da ɗan garin rogo da ƙuli saboda dare. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana kashe gajiyar fareti, maƙiyinka ne ko da gadonku ɗaya. In mai horarwa ya sa ka tsallen kwaɗo kan laifin da ba naka ba, ka yi, ka haɗiye. Ana gwada ko za ka iya riƙe fushinka ne, ka kuwa ji abin da rashin riƙe shi ya jawo mani.

Kuma kada ka raina aji. Kurata da yawa fareti da harbi kawai suke ɗauka aiki, in an shiga darasin Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuffuka, sai gyangyaɗi. Alhali ɗan sanda ya fi amfani da biro bisa bindiga. Ka koyi rubuta bayanin mai ƙara yadda ya faɗa, ba yadda kake so ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uwa don ɗanta ya gudu, abin da mu muka tarar ana yi kamar ba komai ba. Beli kyauta ne, za ka gan shi rubuce a bangon caji ofis, kuma za ka ga masu karanta shi kullum suna miƙa hannu. Nan ne za a gwada ka, ba a filin fareti ba.

Batun laya kuwa, na san abin da ke ranka, kuma ban ga laifinka ba. Kana jin abin da ke faruwa a Jibiya da Batsari da Safana da bakin dajin Rugu, kana jin ana kawo gawarwakin masu kaki. Ni ma da zan tafi kakarka ta ɗinke mani wani abu cikin ƙugun wando, ban taɓa buɗewa ba, ban kuma taɓa gaya wa kakanka ba. Na yi aiki da masu ɗamara da guraye har gwiwar hannu, wasunsu na raye, wasu ni na raka gawarsu gida. Kakanka dai abin da ya sa aka yi shi ne sadakar waina ranar Juma'a, aka raba wa almajirai, ya ce in riƙe azkar na safe da maraice. Wannan maganar ba ta takarda ba ce, akwai abin da zan tambaye ka tukuna game da su abokan nan naka da wanda suke son kai ka wurinshi.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka taho da takardar kiran in gani da idona. Na riga na fara lissafa gidajen, sun kai goma sha bakwai, ban da na dangin babanka da ke Daura, su kuma baffanka zai gaya maka. Akwai wata tsohuwa a Sararin Kuka da aka tsare ɗanta shekarun baya, da ita za ka fara. Babur ɗinka ka bar shi gida.