Dam ɗin sharar ma'adinai ba irin na Jibiya ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dam ɗin da kamfanonin haƙar ma'adinai ke tara shararsu daidai yake da na Jibiya mai sako ruwa Gulbin Maraɗi. A'a.

Na Jibiya an gina shi lokaci guda don riƙe ruwa. Wancan kuwa laka yake riƙewa, wato dutsen da aka niƙa aka cire zinariya ko ƙarfe, kuma ana ƙara masa tsawo shekara bayan shekara. Mafi haɗari shi ne wanda ake ɗora sabon bango a kan tsohuwar lakar, don ya fi araha. Idan ruwa ya cika cikinta, lakar da ka ga ta daskare sai ta narke kamar kunu. Haka ya faru a Brumadinho ta Brazil ranar 25 ga Janairun 2019: mutum 270 suka rasu, da yawa suna cin abincin rana a ɗakin cin abincin ma'aikata da aka gina a gangaren dam ɗin. Daga baya Brazil ta haramta irin wannan gini.

Abin lura: ruwa mai laka yana tsatsowa a gindin bango, tsaga a samansa, ko tafkin ruwan da ke kwance a kan lakar ya matso bakin bango, musamman a watan Agusta. Injiniyoyi kan binne na'urar auna ƙarfin ruwa a ciki, amma sai an riƙa dubawa. A ganina, kada a yarda a yi gida ko gona a gangaren da lakar za ta bi.