Amsa ga mai tambaya kan koyon aikin bayan fage a dogon hutu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina aji biyu a sashen wasan kwaikwayo, an kawo muku tallar horo na mako shida a dogon hutun nan kan fitilu da sauti da haɗa dandamali, kina son sanin ko ya cancanci kuɗinki da hutunki, tunda ke ba fitowa gaban jama'a ne burinki ba. Na daɗe ina cin abinci da wannan sana'a, daga wasannin makaranta har manyan taruka, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Ki je. Amma kafin ki biya ko sisi ki yi musu tambaya biyu: mutum nawa ne za su taru a kan na'ura ɗaya, kuma a ƙarshe akwai wasan da za ku yi wa aiki a gaban 'yan kallo na gaske? In za a zaunar da ku a aji ne ana haska muku hoton fitila a bango, ki riƙe kuɗinki, wannan kina samunsa a makaranta. Aikin nan a hannu yake zama. Wanda ya karanta yadda ake saita fitila da wanda ya hau tsani ya saita ta, zafinta na dukan fuskarsa, darakta na ƙasa yana cewa a ɗan karkato hagu, ba ɗaya suke ba. Shi ya sa a ƙasashen da sana'ar ta kafu ake haɗa horon da lokacin wasanni. Kamfanin opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa) na Santa Fe a Amurka tun 1965 yake ɗaukar masu koyon aikin bayan fage a watannin hutun da yake wasanninsa, kuma da su ake sauya kayan dandamali daga wannan wasa zuwa wancan.

Kada ranki ya ɓaci in makon farko ya ƙare ba ki taɓa na'urar sarrafa fitilu ba. Naɗe waya za a fara sa ki, kuma daidai ne. Akwai yadda ake naɗin: zagaye ɗaya a miƙe, na gaba a juye, ta yadda in an jefa wayar za ta warware sumul ba ƙulli. Mai naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga yana karya siraran wayoyin ciki, ranar wasa makirfo ya riƙa ɗaukewa ba a san dalili ba. Ni da na ga yadda yaro ke naɗe waya na san ko zan sake kiransa aiki.

Inda nake so ki fi sa hankali shi ne lissafin wuta, don a nan rai yake. Wutarmu bolt 230 ce. Fulogi mai harshe uku da muke amfani da shi fis ɗinsa bai wuce amfiya 13 ba, wato abin da zai ɗauka bai kai wat 3,000 cif ba. Tsohuwar fitilar fage guda ɗaya wat 1,000 take ci. Kin ga in an jera uku a waya ɗaya an riga an kai maƙura. Na sha ganin yaro ya gaji da fis na ƙonewa, ya cire shi ya cusa guntuwar waya a gurbinsa. Daga nan wayar ce ke yin zafi a ƙarƙashin katako da labule, ba mai gani sai an ji ƙauri. Haka kuma in lasifika ta fara gurnani, wasu sukan yanke wayar ƙasa ta fulogin don ƙarar ta tafi. Ƙarar takan tafi, amma an cire abin da zai kare wanda ya riƙe makirfo in wuta ta zube a jikin na'ura. Malamin da ya koya miki ɗayan biyun nan, ki bar wurinsa. Ki kuma nemi a nuna miki lissafin janareto: wanda aka rubuta wa kVA 10, abin da zai ba ki bai wuce kilowat 8 ba, kuma dole ki san me za ki fara kashewa da me za ki fara kunnawa in NEPA ta ɗauke ana tsakiyar wasa.

Fitilun LED na yanzu sun rage cin wuta ƙwarai, sai dai sun zo da nasu karatun. Ana ba su umarni ta tsarin DMX512, wanda aka fito da shi a 1986. Layi ɗaya yana da tashoshi 512, kowace fitila sai an ba ta lambarta. In kika ga biyu suna motsi tare ba ki umarce su ba, duba lambar tukuna kafin ki zargi na'ura. Kada kuma a jona su a dimar tsofaffin fitilu, wato na'urar rage musu haske, lalacewa suke yi. Duk fitilar da aka rataya sama sai an ƙara mata wayar ƙarfe ta tsaro bayan maƙalinta, ko da mutane na jira.

Kafintanci kuwa ki koya ko da ba shi kike so ba: awo, yanka, haɗa bangon ƙarya da katako da falawud, tokare shi ta baya don kada ya faɗo in ɗan wasa ya buga ƙofa. Sauti ma haka, ki san dalilin da lasifika ke ihu in makirfo ya fuskance ta.

Abin da ban taɓa ganin an koya a aji ba shi ne zama da na'ura ana wasa. Manajan dandamali zai ce ki shirya, ki ɗora yatsa ki jira, ba ki dannawa sai ya ce yanzu, ko da kin haddace wasan. Ɗan wasa ya tsallake layi, ke dai kunnenki na wurin manaja, idonki na kan takardar alamomi da ke nuna inda za a sauya fitila ko sauti. Wannan natsuwar ba ta samuwa sai da 'yan kallo a zaune. Saboda ita na dage sai horon ya ƙare da wasa.

Ki tuna hutunmu da damina yake zuwa. Da yawan wuraren wasanmu a sarari suke ko rabi a buɗe. Gidan wasan jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970 aka gina da ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe, misali ne mai kyau. A irin waɗannan wurare za ki koyi ɗaga mahaɗar waya daga ƙasa, rufe kaya da leda, da karanta hadari. Wallahi wanda ya yi aiki da damina ya fi wanda ya koya a ɗaki mai sanyi sanin darajar kayansa.

Game da shiga, takalmi rufaffe, ban da silifas. Ki samu safar hannu, ƙaramar tocila, tef na awo, tasta, da littafin da za ki riƙa zana yadda aka jona komai. Hijabi ba ya hana aikin nan, na yi aiki da mata masu shi da suka fi maza da yawa iya fitila. Ki dai sa gajere ki cusa bakinsa cikin riga in za ki hau tsani ko ki matsa kusa da injin yanka katako.

Saura maganar gida. Gwajin ƙarshe da kwance kaya bayan wasa sukan kai dare, don haka ki karɓi jadawalin tun yanzu ki nuna wa iyayenki, ki ji ko masu horon suna mayar da ɗalibai gida ko akwai masauki na mata. Ki kuma tambayi malamin da ke kula da aikin koyon sana'a a sashenku ko wurin zai iya karɓarki in lokacin SIWES ɗinku, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, ya zo, don in sun ga hannunki a wannan hutun sun fi saurin kiranki. Allah ya ba da sa'a.