Masu fom na tambayata batun jari, in amsa ko in sallame su?

Tambaya: Ina da ɗan ƙaramin kamfani mai ma'aikata takwas. Wasu sun zo da fom wai bincike suke kan 'yan kasuwa, suna tambayar ko na kawo sabon abu a harkata, ina nake samun jari, da yadda nake ganin kasuwa. Ni dai tsorona kar ya zama tarkon haraji.

Amsa: Toh Alhaji, tsoronka na kan hanya, amma kar ka sallame su tukuna. Fara neman katin shaida da takardar hukumar da ta turo su, sannan ka kira hukumar da kanka da lambar da ka samo a wani wuri, ba wadda ke jikin fom ɗin ba. Binciken gaskiya ba ya neman lambar akawun ko lambar sirrin kati ko kuɗin rajista, duk wanda ya nemi ɗaya ka nuna masa hanya.

Abin kuma ba baƙo ba ne. Bankin Duniya na irinsa a ƙasashe sama da 150, ana zama da mai kamfani ko manaja, galibi kamfanoni masu rajista da ke da ma'aikata 5 zuwa sama, ka ga kana ciki kenan. Haɗa amsoshin ake a fitar da alƙaluma ba tare da sunan kowa ba, amma duk da haka ka sa su nuna maka inda aka rubuta alƙawarin ɓoye sirri.

Inda nake so ka natsu shi ne batun bashi. In aka tambaye ka ko ka nemi rance a banki, amsarka kuma ta zama a'a, za a tambaye ka dalili, mutane da yawa sai su ce "ba na buƙata" don kar a raina su, alhali gaskiyar ita ce ruwan ya yi yawa ko ba su da kadarar jingina ko sun san ko sun nema ba za a ba su ba. Wannan amsar kan jefa ka cikin sahun waɗanda suka wadata, rahoto ya fito yana nuna matsalar jari da sauƙi, kuma da shi masu tsara manufofi za su yi aiki. Gaskiya wannan ta fi ƙin amsawa illa.

Batun sabon abu kuwa ba sai ka ƙera inji ba. A ƙa'idar Oslo, wato jagorar da ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ta fitar, da ake bi wajen irin wannan awo, ya isa abin ya zama sabo a kamfaninka, ya bambanta sosai da na da, kuma an fara aiki da shi. Karɓar oda ta waya ko sauya hanyar kai kaya duk suna iya shiga. Wanda har yanzu tunani ne kawai, bai shiga ba.

Na yanayin kasuwa mai sauƙi ne, yawanci za a tambaya ko ciniki ya ƙaru, ya ragu, ko yana nan yadda yake. Duba littafin cinikinka kafin ka amsa, kar ka bi haushin ranar. Kafin su tafi ka tambaye su yaushe rahoton zai fito da inda za ka same shi, a ciki za ka ga yadda takwarorinka ke samun jari.