An sallame ni daga aiki a wata coci a Landan, bishop ya ce ba huruminsa ba ne

Tambaya: Barista barka da aiki. Shekara uku ina gadi a wata tsohuwar coci a Landan, sati biyu da suka wuce aka sallame ni ba wanda ya zauna ya ji ta bakina. Na rubuta wa ofishin bishop sun ce wai cocin ta sarki ce, ba ta ƙarƙashinsu. To ina zan kai kukana?

Amsa: Ɗan uwa sannu, Allah ya kawo mafita. Ofishin bishop ba wasa suke maka da hankali ba, a Ingila akwai wasu coci-coci da ake kira Royal Peculiar, irin su Westminster Abbey da St George's Chapel ta fadar Windsor da Chapel Royal, waɗanda bishop ɗin yankin ba shi da iko a kansu, kai har Akbishop na Kantabari ma haka, kai tsaye sarki suke amsa wa. Ita Westminster tun 1560 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta ɗora ta a kan wannan tsari. Shugaban cocin da majalisar limamansa ne ke tafiyar da komai, sarki kuma shi ne mai sa ido na ƙarshe.

Eh ana iya kai ƙorafi wajen sarki, an taɓa yi. A 1998 da aka kori Martin Neary shugaban kiɗa na Westminster Abbey ya kai kukansa ga Sarauniya Elizabeth ta biyu, ita kuma ba da kanta ta zauna ba, wani babban alƙali mai ritaya, Lord Jauncey, ta naɗa ya saurari ɓangarorin, ƙarshe ya tabbatar da korar duk da ya soki yadda aka bi da lamarin. Amma gaskiya wannan hanyar tana cin kuɗi da lokaci, ni ban ga dalilin da mai gadi zai fara da ita ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, fita daga ikon bishop bai fitar da su daga dokar ƙwadago ta ƙasa ba. Kai ma'aikaci ne mai albashi ba limami ba, kuma ka haura shekara biyu, don haka kana da damar shigar da ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba a kotun ma'aikata a ƙarƙashin dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996. In kana zargin addini ko launin fata ne ya jawo, dokar daidaito ta 2010 ma ta shigo ciki.

Ka ɗauko kwantiraginka ka duba wa aka rubuta a matsayin mai ɗaukarka aiki, don sau da yawa kamfanin tsaro ne ba cocin ba, kuma shi za ka kai ƙara in haka ne. Ka rubuta takardar ɗaukaka ƙara ta cikin gida, amma kar ka zauna jiran amsa, wa'adin da aka saba wata uku ne, a cire kwana ɗaya, daga ranar sallama, kuma dole sai ka fara sanar da hukumar sulhu ta ACAS kafin kotu ta karɓi ƙararka. Sati biyu sun riga sun tafi, ka kira su cikin satin nan, kyauta ne.