Wace na'urar auna iska zan saya wa motata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai injin fetur ce, lita 1.8, ƙirar 2009. Kwanan nan shan manta ya ƙaru, tana karkarwa idan ta tsaya a sulo, in na taka totur kuma sai ta yi kamar ta shaƙe kafin ta ɗauka. An sa mata kwamfuta ta nuna lambobin matsala P0101 da P0171, bakanike ya ce na'urar auna iska ce, in sayo wata. Da na je saye sai aka nuna min iri uku: mai tambarin kamfanin motar, wata ta Denso, da wata marar suna mai arha ƙwarai, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan kama da ka gani a ido ita ce ke jefa masu mota da yawa cikin asara, don haka bari mu fara da aikin na'urar, sai ka ga dalilin da ya sa kamanni ba ya isa.

Na'urar auna iska, wadda kwamfuta ke rubutawa da MAF, tana zaune ne tsakanin iyakilina, wato matatar iska, da bakin totur. A cikinta akwai siririyar waya ko ɗan falle da lantarki ke ɗumamawa. Iskar da inji ke zuƙa tana sanyaya shi, na'urar kuma tana ƙara wuta don zafin ya tsaya yadda yake. Daga yawan wutar da aka ƙara ne ƙwaƙwalwar mota ke gane giram nawa na iska ya shiga a daƙiƙa guda, sai ta auna man da nozul zai fesa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, ta fuskar nauyi. To ka ga idan na'urar ta yi ƙarya ko da kaɗan ce, lissafin man gaba ɗaya ya karkace.

A nan gizo ke saƙar. Kowane inji da irin ma'aunin da aka tsara wa ƙwaƙwalwarsa, wato adadin wuta kaza na nufin iska kaza. Na'urori biyu za su iya zama jiki ɗaya, soket ɗaya, ramukan noti ɗaya, amma ma'auninsu daban. Wasu ma harshensu ne ya bambanta: wata tana aika saƙo da hawa da saukar wuta tsakanin bolt 0 zuwa 5, wata kuma da saurin bugun sigina. Mai kama da taka za ta shiga daram, mota ta tashi, wataƙila fitilar gargaɗi ma ba za ta kama nan take ba, amma ta ci gaba da shan mai ko rashin ƙarfi, kai kuma kana canza fulogi da famfon mai a banza.

Kafin ka fitar da kuɗi, ina so ka tabbatar na'urar ce ta mutu. P0101 cewa yake yi awon da ake samu bai dace da yanayin inji ba, P0171 kuma yana cewa iska ta yi wa mai yawa. Babu ɗayansu da ya yanke hukuncin cewa na'urar ta lalace. Tiyon roba da ke tsakaninta da totur idan ya tsage, musamman a cikin lanƙwasarsa inda ido ba ya kaiwa, iska za ta shiga ta bayan fage ba a auna ta ba, kuma waɗannan lambobin ne za su fito. Haka nan datti ko maiƙo a kan wayar. A sa bakanike ya duba awon yana gudana a kwamfuta bayan inji ya yi zafi, an kashe na'urar sanyaya mota. Inji lita 1.8 a sulo yakan nuna wajen giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kuma adadin ya riƙa hawa sumul idan an taka totur. A duba gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi, wanda ake rubutawa LTFT. Idan ya haura kashi 10 cikin ɗari a sulo amma ya sauko da an ƙara gudu, a nemi inda iska ke yoyo. Idan kuwa a sulo lafiya yake sai an taka ne yake hawa, to zargi ya fi komawa kan na'urar. Ko a nan ma a fara wanke ta da feshin da aka yi musamman dominta. Kada a sa mata na kabureta, kada a taɓa wayar da yatsa ko auduga, kuma a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar.

Idan duk an yi wannan ba ta gyaru ba, to lamba za ka bi. Cire tsohuwar ka karanta lambar da ke jikinta. Na Toyota sukan fara da 22204, na Nissan da 22680, na Bosch masu yawa na injin fetur kuma da 0 280. Farkon lambar dangi kawai yake nunawa, ragowar ce ke bambance inji da inji, saboda haka a karanta har ƙarshe. Sannan a gwada ta da lambar shasin motar mai haruffa da alƙaluma 17, domin mai yiwuwa wanda ya riƙe motar kafin kai ya taɓa sa mata wadda ba tata ba. Ƙirga wayoyin soket ɗin ma, don da yawa suna haɗe da ma'aunin zafin iska, shi ya sa za ka ga wayoyi biyar. Idan taka irin wadda ake sayarwa da bututunta ce, sayi duka tare, saboda faɗin bututun yana cikin lissafin awon.

Yanzu ga ukun da aka nuna maka. Kamfanonin mota galibi ba su ke ƙera wannan na'urar da kansu ba. Denso ke yi wa Toyota da yawa, Hitachi na yi wa Nissan, Bosch kuma na yi wa yawancin motocin Jamus. Duba jikin tsohuwar taka: idan sunan Denso ne a kai kuma lambar ta dace, to ta Denso ɗin nan da mai tambarin kamfanin kusan abu ɗaya ne, kwali ne ya raba su, kuma ita zan ce ka ɗauka. Idan wani suna ne daban a jikin tsohuwar, nemi ta wannan kamfanin ko ka ɗauki mai tambarin motar. Marar sunan nan ban ba ka shawararta ba. Akwai kayan mota da za a iya lallaɓawa da na arha, amma abin da aikinsa awo ne ba ya cikinsu. Ni a wurina ta hannu ta asali mai lamba daidai, wadda aka yarda a gwada a motarka a ga awonta a kwamfuta, ta fi sabuwa marar asali. Ka kuma lura da jabu, don manyan sunayen ma ana kwaikwayonsu. Rubutu mai dishi-dishi, roba mai kaushin gefe, da arhar da ta wuce hankali duk alamu ne, kuma mai sayarwar da ya ƙi ba ka garanti a rubuce ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa.

Wajen ɗaurawa, a kashe mota kafin a cire soket. Idan akwai kibiya a jikinta ta fuskanci inji, a tabbatar zoben robar ya zauna daidai, a kuma sa sabuwar matatar iska busasshiya, domin mai yage ko mai maiƙo ita ce ke ɓata wayar tun farko. A goge tsofaffin lambobin da abin da ƙwaƙwalwa ta koya da tsohuwar na'urar, ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi, sannan a sake duba LTFT. Idan ya dawo kusa da sifiri, ka sayi daidai.