Muryar Anti kan ra'in adabi da waƙoƙin daka

An rubuto wannan daga muryar da aka turo gurub ɗin ɗaliban Hausa, don masu ƙarancin data.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare, ya zafi? To ƙanwata, na saurari muryarki tun la'asar, ban samu zama ba sai yanzu da yara sunka kwanta. Don waɗanda ba su ji ba, cewa tay yi kundinta na digirin farko kan waƙoƙin daka ne na matan ƙauyensu can wajen Kware. Mai duba aikinta ya ce ta kawo ra'in da za ta ɗora aikin bisa. Ta shiga intanet ta kwaso sunaye sun fi goma, su Saussure, su Barthes, su Markis, su Derrida, kanta ya ɗaure, shi ne take tambaya wane yaf fi sauƙi.

Ƙanwata, don Allah ki aje maganar sauƙi tukuna. Mutanen ga da kinka jero, kowane da abin da yad dame shi a garinsu da zamaninai, yaz zauna yay yi ta tunani har yas samu amsa. Amsar ce muke kira ra'i. In kin gano tambayar da mutum yay yi, kin gane shi. Sai ki duba ko waƙoƙinki suna da irin wagga tambaya a cikinsu.

Bari in fara da Markis, don shi nig ga ya fi kusa da turminki. Bajamushe ne, ya rasu 1883. Abin da masu tarke, wato masu nazarin adabi, sunka ɗauko daga gare shi shi ne: yadda mutane ke neman abinci, da wanda ke da kayan aiki, da wanda ke yin aikin, nan ne tushe. Waƙa da labari da doka da al'ada bisa wanga tushe suke tsayuwa. To ki dubi waƙar daka. Mi yas sa akwai ta? Don akwai gero da sai an surfe an dake, kuma mace ce ke yi, tun asuba. Taɓarya ita ke ba da kiɗa, lugude shi ke riƙe karin. Ranar da injin niƙa yas shigo ƙauye, aka riƙa ba yarinya kwano ta kai a niƙo, waƙar niƙa bisa dutse ta kama hanyar ɓacewa, ba tare da wani malami ya hana ba, ba tare da wani sarki ya yi doka ba. In kinka tambayi tsofaffin ƙauyenku yaushe inji yaz zo, da waɗanne waƙoƙi anka daina ji bayan nan, wallahi kin yi aikin Markisanci na gaske ko ba ki ambaci jari-hujja sau ɗaya ba. Abin da ke ɓata mani rai shi ne ɗalibi shi rubuta shafi biyar kan masana'antun Ingila, shi manta da injin da ke bakin kasuwar garinsu.

Akwai wani ɗan Italiya, Gramsci, da gwamnatin Mussolini tak kama a 1926, yay yi rubutunai cikin kurkuku, ya rasu 1937. Shi tambayatai ita ce: mi yas sa wanda ake dannewa yake yarda, har shi ga abin daidai ne? Yac ce mulki ba da bulala kaɗai yake tsayuwa ba, da yarda yake tsayuwa, yardar da ake shuka wa mutum ta makaranta da karin magana da waƙa. Ki saurari waƙoƙinki da wanga kunne. Za ki ji mace tana kukan wahala a ɗan waƙa guda, wato baiti, a na gaba tana alfahari da cewa ita ba ta taɓa yaji ba. Duka biyun nata ne, kada ki yar da ɗaya.

Yauwa, sai Saussure. Mutumin Siwizalan ne, malamin harshe a Janiba, ya rasu 1913. Littafin da anka san shi da shi ma ba shi yar rubuta ba, ɗalibai da abokan aikinai sunka tattara darussan sunka buga a 1916. Maganatai biyu ce za ki riƙe. Ta farko, ba wata igiya da tad ɗaure kalma da abin da take nufi. Mu mun ce ruwa, Bafillace ya ce ndiyam, Balarabe ya ce ma'u, abin sha ɗaya ne. Ta biyu, kalma tana samun ma'ana ne daga bambancinta da 'yan'uwanta. Uwargida ba ta zama uwargida sai akwai amarya. In kin cire kishiya daga waƙar daka, rabin kalmomin sun mutu. Daga nan mazhabar tsari tat taso, su Lévi-Strauss na Faransa masu neman abubuwa biyu-biyu da ke fuskantar juna cikin labari: gida da daji, ɗanye da dafaffe. A naki kuwa gidan uba da gidan miji, ɗiya da agola, uwa da uwar miji.

Amma ku tsaya, nan nike son duk gurub ɗin ga ku buɗe kunne, don abin yana cina a rai. Mu a Sakkwato bai kamata mu fara wagga magana daga Janiba kaɗai ba. A ƙarni na 11, wajen shekara 800 kafin Saussure, malamin Larabci Abdulƙahir al-Jurjani ya rubuta Dala'ilul I'ijaz da Asrarul Balaga. Yac ce kalma ita kaɗai ba ta da fasaha, fasaha tana cikin nazmu, wato yadda anka jera kalmomi bisa ƙa'idar nahawu, mi anka gabatar, mi anka jinkirta, mi anka share. Ku gwada da Hausa. "Na daka hura." Labari ne kawai. "Ni nid daka hura." Ai kun ji akwai wadda ake gaya wa magana, wadda ba ta daka ba. "Hura nid daka." Nan kuma wani ne yac ce tuwo yaka so. Kalmomi kusan ɗaya, gida ukku daban. Ilimin balaga, wato ilimin fasahar magana, ana karanta shi a zaurukan garin ga tun kafin a aza tubalin jami'a a Dundaye. Ɗalibar Hausa tana da haƙƙin ta ɗora aikinta bisa nazmu, ta kawo Saussure shi zauna kusa da shi.

Ko Aristotal ma, Bagirken da ake fara darasin tarke da shi, wanda yac ce adabi kwaikwayon rayuwa ne, ta hannun Larabawa yab bi. An fassara littafinai na waƙa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, Ibn Rushdi na Ƙurɗuba yay yi mashi sharhi a ƙarni na 12. Da yake ba su da wasan dandali irin na Girkawa, sai sunka fassara wasan ban-tausayi da madahu, wasan ban-dariya da hija'i. Yabo da zambo ke nan. Sun ɗauki ra'in baƙo sunka auna shi da abin da ke gabansu. Wasu na ganin kuskure ne sunka yi. Ni ina ganin ƙarfin hali ne, kuma duk wanda yas san Narambaɗa da Jankiɗi ya san yabo da zambo ba ƙaramin ma'auni ba ne.

To, Barthes. Bafaranshe ne, a ƙarshen shekarun 1960 yar rubuta 'yar maƙala yac ce marubuci ya mutu. Yara na jin wanga suna tsorata. Nufinai shi ne a daina cewa ma'ana tana kulle cikin zuciyar wanda yar rubuta, mai karatu shi ke haɗa ta, kuma kowane rubutu saƙa ce ta maganganun da anka riga anka yi. Ke kam ƙanwata abin ya zo maki da sauƙi, don waƙar daka ba ta da mai ita tun asali. Kaka ta ba uwa, uwa ta ba ɗiya, kowa ta ƙara nata. Kuma habaici bai cika habaici ba sai wadda anka yi dominta ta ji ta tsargu. Wadda ke bayan danga tana tankaɗe, ita ke ƙarasa waƙar.

Derrida da Foucault ba zan daɗe kansu ba. Na farko haifaffen Aljeriya ne, shina nuna cewa rubutu kan warware kansa da kansa, abin da anka ture gefe shi ke riƙe da na tsakiya. Na biyu Bafaranshe ne, shina bin diddigin yadda ilimi da iko ke tafiya tare, wa ke da izinin magana, wa ake kira mahaukaci. Suna da amfani, amma a digirin farko, da wata huɗu a hannu, ban ba ki shawara ba. Karatunsu shina son lokaci, kuma wanda bai fahimce su ba yakan cika shafi da kalmomin da shi kanshi bai iya kare su gaban malamai.

Waɗanda nike ganin dole ki sani su ne Milman Parry da ɗalibinai Albert Lord. Amurkawa ne. A shekarun 1930 sunka tafi ƙasar Yugoslabiya da na'urar ɗaukar murya, sunka zauna da mawaƙan baka waɗanda da yawansu ba su karatu, suna son su gane ƙaƙa mutum ke rera dubban layuka ba takarda. Lord yab buga sakamakon a 1960. Abin da sunka gano: mawaƙin baka ba hardacewa yake yi kalma da kalma ba. Shina da tubala shiryayyu, guntayen maganganu da sunka dace da kari, da su yake gini nan take, don haka waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Ga aiki nan a gabanki. Ki ɗauki mace guda tana waƙa guda ranar Lahadi, ki koma Alhamis ki sake ɗauka, ki aza su kusa da juna. Abin da bai motsa ba shi ne gindi, wato amshin waƙar, da tubala. Abin da yac canza, ki tambaya mi yaf faru a gidan tsakanin ranakun. Wani lokaci za ki iske baƙuwa ce taz zo, ko an yi faɗa kan kwano.

Sai maganar mata, wadda na san nan hankalinki yaf fi karkata. Simone de Beauvoir, Bafaranshiya, a 1949 tac ce ba a haihuwar mutum mace, zama yake yi, wato al'umma ke koya mata yadda za ta zama. Matan Afirka da yawa sun ga rigar ba ta yi masu daidai ba, don tana barin uwa da dangi da addini a waje. Molara Ogundipe ta nan Nijeriya ta kawo nata ra'in a 1994, wanda ke neman gyaran al'umma tare da mata a ciki, ba yaƙi da maza ba. Mu kuma muna da Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, tana kwance nan Hubbare. Ta yi waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajjoji, wato mata malamai, tana ba su malfa, suna tafiya ƙauyuka suna karantar da 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimi, da waƙa. Ta san waƙa a bakin mace makaranta ce. In za ki yi babin mata ki tsallake ta, ni dai ban yafe ba.

Akwai wata 'yar Indiya, Gayatri Spivak, da tay yi tambaya a 1988: shin na ƙasa, wanda ake dannewa, yana iya magana? Ta duba yadda Turawan mulki da manyan mazan Indiya sunka yi ta gardama kan matan da ake ƙonewa tare da gawar mazansu, kowa na magana da sunan matar, ita ba a ji bakinta ba. Wagga tambaya kanki take, ƙanwata, ke mai biro. Ni ta taɓa kama ni. Lokacin da nike nawa aikin, na tafi ƙauye da ra'ina a jaka, na riga na yanke cewa duk waƙar daka kukan zalunci ce. Wata tsohuwa ta rera mani wata, nic ce mata, Inna, wagga ai baƙin ciki ne. Tad dube ni tac ce, a'a ɗiyata, wagga ta farin ciki ce, ranar da ɗana yad dawo daga ci-rani nika yin ta. Na koma gida na iske waƙoƙi kusan goma da nit ture gefe don ba su shiga ra'ina ba. Sai da nis sake babin gaba ɗaya. Har yau in na tuna ina jin nauyin matar nan, don saura kaɗan in sa mata magana a baki in buga da sunanta.

Edward Said, Bafalasɗine, abin da yan nuna ke nan a 1978 game da yadda Turai ta zauna ta zana mutanen Gabas yadda take so, har zanen yaf fi mutanen ƙarfi. Ɗan birni ma yana iya yi wa ƙauye haka.

Don haka ga shawarata. Gobe kada ki buɗe intanet. Ki zauna da waƙoƙin da kinka ɗauko, ki rubuta su da Sakkwatancinsu yadda sunka fito, kada ki gyara su zuwa daidaitacciyar Hausa. Ki karanta sau ukku, ki rubuta abin da yaf fi maimaituwa. In tubala da canjin rerawa ne, Parry da Lord. In aiki da inji da wahala ne, Markis da Gramsci. In jerin kalma da habaici ne, Jurjani. Ɗaya ya isa, biyu in sun jitu. Ki shiga ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo ki nemi Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Salo Asirin Waƙa na Farfesa Abdullahi Bayero Yahya, don ki ga yadda namu ke faɗin abubuwan ga da Hausa.

Kuma ki nemi izinin matan kafin ki sa muryarsu ko sunansu cikin kundi, musamman masu habaici, kada ki haɗa gida faɗa. Ranar Assabar ina gida Mabera bayan azahar, ki hawo kabukabu ki zo da wayar da kinka yi ɗaukar, mu saurara tare. Sai da safenku.