Tambaya da Amsa: Tuƙa Injin Yankan Ciyawa Mai Sanduna Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da filin wata makaranta a Bukuru. An sayo mana injin yankan ciyawa na hawa, irin wanda ba shi da sitiyari sai sanduna biyu, dama da hagu. Na iya mota, amma da na hau wannan sai ya riƙa tafiyar maciji, in na juya kuma taya ta tone ciyawa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Iya mota ba zai taimake ka sosai a nan ba, don ginin injin daban ne. Kowace tayar baya tana da nata famfon mai da ke juya ta, kowace sanda kuma taya ɗaya take sarrafawa. Ka tura sandar dama gaba, tayar dama ta yi gaba. Ka jawo ta, tayar ta yi ribas. Ƙananan tayoyin gaba kuwa 'yan rakiya ne, inda na baya suka tura su nan suke bi. Ba su da birki, ba sa tuƙi.

Ka sami fili shimfiɗaɗɗe busasshe, ranar da babu ɗalibai. Ka zauna, birkin fakin a ɗaure, sanduna a buɗe waje, makunnin wuƙaƙe a kashe, sannan ka tayar. Ka ɗaga akwatin wuƙaƙe sama, ka bar totur a rabi. Yau ba yanka za ka yi ba.

Saki birki, ka shigo da sanduna, ka tura su tare kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu. Tafiyar macijin nan daga abu biyu take: ƙanƙame sanduna da ƙarfi, da kallon ƙasa dab da injin. Ka sassauta hannu, ka kafa ido a kan wani abu mai nisa, bishiya ko turken raga, ka nufe shi. In za ka yi dama, sassauto sandar dama baya kaɗan ya isa. Tsayawa kuwa, yawancin waɗannan injina ba su da birkin ƙafa. Mayar da sanduna tsakiya a hankali shi ne birkinka. Ka maimaita tashi da tsayawa har hannunka ya saba kafin ka koyi wani abu. Daga nan ka ajiye jarka biyu, tsakaninsu taku goma, ka riƙa zagaya su kamar kana rubuta lamba 8. Ribas ya zo a ƙarshe, kuma kullum da waiwaye.

Tone ciyawa yana faruwa ne idan tayar ciki ta tsaya cik, injin ya juya a kanta, sai ta murje saiwa. Maganinsa kada wata taya ta daina birgima. A ƙarshen layi ka rage gudu, ka karkata zuwa inda za ka, ka ɗan yi ribas kana gyara kan injin, sannan ka shiga sabon layi. In kuma sanduna suna daidai amma injin na ja gefe guda, fara da auna iskar tayoyin baya. Sau da yawa ɗaya ce ta fi ɗaya.

Ranar da za ka fara yanka, ka bi filin da ƙafa ka tsince duwatsu, waya da kwalabe. Bakin wuƙar yana iya haura gudun kilomita 300 a awa, tsakuwar da ya ɗauka kuwa fasa gilashi ko ido ba wuya gare ta. Mafitar ciyawa galibi a dama take, kada ka fuskantar da ita wajen tagogi ko hanya, kada kuma ka ɗage murfinta. Ka sa takalmi rufaffe, tabarau, da abin toshe kunne.

Tambaya: Gidan da nake aiki a Rayfield yana da gangara da ta sauka zuwa tsohon tafkin haƙar kuza. Maigida na so in riƙa yankewa har bakin ruwa. Zan iya?

Amsa: Don Allah kada ka yi, ɗan'uwa. Wannan tambayar ta fi ta farko nauyi. Tunda tuƙi da birki duk a tayoyin baya suke, ranar da suka sulɓe ka rasa duka biyun lokaci guda. Idan injin ya fuskanci ƙasa a gangara, nauyi yana komawa kan tayoyin gaba, na baya su yi sakayau, sai ka ja sanda ka ji ba ta amsawa. Raɓar safiyar Jos kaɗai ta isa ta jawo haka, balle ciyawar Agusta da ta sha ruwa.

Yawancin kamfanoni, irin su Toro, sun kafa iyakar digiri 15. Ga yadda za ka gane: ɗauki katako mai tsawon mita 1, ka ɗora kansa ɗaya a ƙasa ta sama, ka daidaita shi da ma'aunin magina, ka auna daga ɗaya kan zuwa ƙasa. In ya haura santimita 27, wurin ya fi ƙarfin injin. Ka auna inda gangarar ta fi tsanani, ba inda ta fi sauƙi ba.

Bakin tafki kuma yana da nasa sharrin. Ruwa yakan cinye ƙasa ta ƙarƙashi, ciyawa ta rufe sama, taya ɗaya ta taka sai gaɓar ta rufta. Ka bar tazarar faɗin injin sau biyu tsakaninka da bakin ruwa, kwalbati ko rami. Sauran ka gama da injin turawa ko na rataye. Ka nuna wa maigida shafin da ke cikin littafin injin, zai fahimta.

Ƙarfen kariya da ke bayan kujera ya kasance a miƙe, a kulle, bel a ɗaure. Idan dole ta sa ka naɗe shi don rassan bishiya, ka kwance bel, kana wucewa ka mayar da duka biyun. In ka ji injin ya fara zamewa, kada ka fizgi sanduna. Kashe wuƙaƙe, ka fitar da injin daga gangarar a hankali zuwa inda babu haɗari.

Tambaya: Injinmu yana mutuwa duk lokacin da na ɗaga daga kujera. Makanike ya ce zai haɗe wayar. Sannan ɗana ɗan shekara 13 yana so ya koya.

Amsa: Injin lafiyarsa ƙalau, Hajiya. Makunnin da ke ƙarƙashin kujera aikinsa ke nan, ya tsayar da wuƙaƙe in mutum ya faɗo. Kada ki yarda a haɗe shi. In yana yankewa kina zaune daram, a duba soket ɗinsa ko a sa sabo. Yaro kuwa ya dakata; ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar shekara 16 kafin hawa irin wannan injin. Kada kuma a ɗora ƙaramin yaro a cinya, don wanda ya saba hawa shi ne zai rugo bayan injin ana ribas.

Tambaya: Me ya sa injin ke shaƙewa a doguwar ciyawa?

Amsa: Yanka da cikakken totur ake yi, gudu kuma da sanduna ake rage shi. Kada ka sare fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a bi ɗaya. Ɗaga akwatin, ka sake bi bayan kwana biyu. Jos tana kan tudu na kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, don haka injin fetur kan rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, matatar iska mai ƙurar hunturu kuma ta ƙara masa. In ciyawa ta cushe a ƙarƙashi, kashe injin, zare makulli, cire wayar fulogi, sannan ka ƙwaƙule da sanda, ba da hannu ba.